Kwandon Teku a Tabarmar Kaka

A gidanmu na Minna, can bayan layin dogo, akwai wata 'yar rumfa mai tsayin ƙirji a tsakar gida wadda ko kaji sun san ba a hawa. A kanta Kaka take shimfiɗa tabarma ta shanya saiwoyinta da sassaƙe. Kaka mahaifiyar Baba ce, ita ta raine ni tun da uwata ta rasu ina da shekara uku, kuma sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta taɓa kirana da sunana ba sai Takwara. Maganin yara take yi. Matan leburorin reluwe, matan 'yan kasuwa, masu zuwa masallaci da masu zuwa coci, duk wadda ɗanta ya kwana yana kuka, ƙofar Kaka take fara tsayawa kafin ta yi tunanin asibiti.

Akwai abin da matan nan ba su sani ba, har Baba ma bai sani ba. Idon Kaka ya tafi. Yanar ido ce ta rufe shi a hankali, cikin kamar shekara guda, har ya zama haske da inuwa kawai take rabewa. Ni kaɗai na sani, don ni ce idon nata. In mace ta yi sallama, sai in gaishe ta da ƙarfi in tambayi ɗanta, Kaka ta ɗauka daga nan kamar ta gan ta tun daga zaure. In za a haɗa magani, ni ke miƙo mata abin da ta ambata, ita kuma ta juya shi a hannu, ta kai hanci, ta ɗaga shi sama kamar tana dubawa. Ta taɓa ce mini, "Takwara, ranar da matan unguwar nan suka ji ba na gani, ranar zan koma tsohuwar da ake ajiye wa tuwo a bakin ƙofa. Na san bakinki ba ya da ƙofa, amma wannan ki riƙe mini." Na yi mata alkawari, kuma na riƙe, duk da cewa a lokacin ko mafarki na yi sai na ba mutum uku labari kafin karin kumallo.

Ƙarshen shekarun sittin ne, lokacin da jiragen ƙasa ke wucewa cike da sojoji, ina aji uku a sakandare, ina zuwa daga gida. Malamarmu ta kimiyya Ba'indiya ce, siririya, daga wani gari na bakin teku. Mu kuwa a ajin babu wadda ta taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Chanchaga in ya cika da damina. In tana ba mu labarin halittun teku sai mu riƙa zungurar juna a ƙarƙashin tebur, muna cewa Malama ta fara tatsuniya. Ta gaya mana akwai wata tsutsa a can ƙasan teku, tana zaune a cikin soso, kanta ɗaya ne amma jikinta yana rabuwa yana ƙara rabuwa har wutsiyoyin ba sa ƙirguwa, kuma duk inda jiki ya rabu hanji ma ya rabu ya bi shi. Na kai wa Baba wannan labari yana cin abinci. Shi kafinta ne a reluwe, ba ya da yawan magana, sai ya ce ai ya san tsutsar nan, ma'aikacin reluwe ne ranar albashi, shi ɗaya, masu ci ba sa ƙirguwa.

Wata rana Malama ta ga dai ba mu yarda da ita ba, sai ta zo aji da wani faffaɗan gwangwanin biskit. Ta buɗe, ta ɗaga auduga, ta ce mu zo biyu-biyu kada kowa ta taɓa.

Da na leƙa na ɗauka saiwa ce. Fari-fari ne abin, busasshe, faɗinsa ya kai ƙaramin faifai, a murɗe a cukurkuɗe. Sai da Malama ta sa tsinin fensir ta nuna mana muka ga tsarinsa. A tsakiya akwai ɗan dunƙule mai faɗin murfin kwalba, bakin dabbar yana ƙarƙashinsa. Hannuwa biyar suka fito daga dunƙulen. Kowane hannu bai yi nisa ba ya rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, haka, haka, har ƙarshen ya zama siriri kamar zare ya nannaɗe. Ta ce ɗan'uwan tauraron teku ne, kuma sunansa a Turanci yana nufin kwando, don in yana raye yakan baza hannuwan nan a cikin ruwa ya tare ƙananan halittun da igiyar ruwa ke kawowa. Tun daga ranar muke ce masa kwandon teku. Ni dai na tsaya a kansa har na bayana suka fara tura ni. Ban taɓa ganin abin da ya shiga raina haka ba, wai dabba ce mai baki, amma ta yi rassa kamar itace.

Na fi kowa iya zane a ajin, kuma na sani, kuma ba na ɓoyewa. Ranar wata Juma'a Malama ta kira ni ta ba ni babban kwali, ta ce tana so in zana mata kwandon tekun don a rataye a bango, sannan ta miƙo mini gwangwanin kansa in tafi da shi gida zuwa Litinin. Ta riƙe shi ba ta saki ba sai da ta gama jan kunne. Kada ruwa ya taɓa shi. Kada in bar yara kusa da shi. In na taɓa shi in wanke hannu da sabulu kafin in ci abinci, domin an jiƙa shi da guba don kada ya ruɓe, kada ƙwari su ci. Na ce to, to, to, hankalina duk yana kan yadda 'yan ajinmu ke kallona.

A hanyar gida ruwa ya sauko, irin na watan Agusta da ba ya sallama. Na tura gwangwanin cikin rigata na yi gudu, amma murfin ba ya kamawa sosai. Da na buɗe a ɗaki audugar ta jiƙe ta gefe ɗaya, abin ya yi danshi. Ban gaya wa kowa ba. Da gari ya waye ranar Asabar rana ta fito tas, sai na yi dabarar da na ga ta fi kowace: na ɗauko kwandon tekun na kwantar da shi a tabarmar Kaka, kusa da tarin saiwar jema, don na san nan ne kaɗai wurin da babu hannun da zai kai. Na ce kafin Kaka ta gama lazimi ta fito, na dawo daga famfo. Na ɗauki bokiti da kayan makarantata na wanki na fita.

A famfo na tarar da layi, na tarar da ƙawaye, kuma ina da labarin dabba mai rassa. Sai da rana ta yi hantsi sosai na dawo.

Tun kafin in sauke bokitin na kalli rumfar. Kwandon yana nan, amma gefe guda ya gutsure. Duk siraran rassan hannu biyu sun tafi, sai kututturen da suka rage, farare kamar an karya alli. Na duba ƙasa, babu ko ɓurɓushi. Na duba kaji, suna can bayan ɗaki. Sai na ji warin hayaƙi da ƙamshin jema daga ɗakin 'yan haya.

Ɗaki ɗaya muke bayarwa haya, kuma masu shi mata da miji ne 'yan garin Gwada. Mijin yana cikin masu gyaran layi, a makon nan an tura su can wajen Zungeru. Matar yarinya ce, ba ta fi ni da shekara biyar ba, da ɗanta na fari mai wata goma sha ɗaya. Maman yaro muke ce mata, kuma Hausa ba ta gama zauna mata a baki ba. Kwana biyu ke nan yaron yana zawo, ana cewa haƙori ne.

Na ɗauke kwandon na mayar gwangwani na tura ƙarƙashin gado, sannan na shiga wurin Kaka. Tana zaune bakin gadonta tana fyace hanci, don mura ta kama ta tun tsakiyar mako.

"Sai yanzu, uwar surutu? Famfon Kaduna kika je?"

"Layi ne, Kaka. Wani ya zo?"

"Maman yaro ta zo tana kuka, cikin ɗan ya ƙi tsayawa. Na jira ki na jira ki, na ga ba zan bar yarinya tsaye ba, na fita na haɗa da kaina." Ta yi 'yar dariya ta jin daɗi, ta rage murya. "Ba ta gane komai ba. Ashe hannun nan bai manta hanya ba."

"Me da me kika sa?"

"Yau kuma ke ce malamar? Sassaƙen ƙirya, saiwar sabara, sai 'yar jema don ƙamshi. Amma jemar nan kin bar ta ta sha rana da yawa, ina taɓawa sai karyewa take kamar ƙashin kifi."

Na san ƙa'idar Kaka kamar yadda na san Fatiha. A tafasa, a bari ya huce, ludayi ɗaya da hantsi, ɗaya da azahar, ɗaya in an kira la'asar. Na fito na tsaya ƙofar Maman yaro na ce ya jikin ɗan. Ta ɗago labule, idonta ja saboda rashin barci, ta ce, "Ya sha na farko. Mama ya ce sau uku. Ya sha duka, bai zubar ba ko kadan." Tana murna take faɗa. Yaron yana kwance kan zani a ƙasa, idanunsa sun faɗa ciki, yana tsotsar leɓe.

A nan ya kamata in buɗe baki. Na sani a lokacin, ba daga baya na gane ba, kuma ba zan yi wa kaina ado ba. Tsoro ne ya riƙe ni. Na ji tsoron Malama, na ji tsoron Baba, amma wanda ya fi hana ni magana shi ne tambayar da na san za ta biyo baya. Abin nan faɗin faifai ne, da dunƙule a tsakiya, da hannuwa biyar. Duk mai ido ba zai gutsure shi ya ce jema ba ne. In na ce akwai guba a tukunyar nan, na gama faɗin cewa Kaka ba ta gani.

Sai na shiga neman hanyar da zan raba yaron da maganin ba tare da na yi magana ba. Na ce wa Maman yaro ta kawo tukunyar in ajiye mata a ɗakinmu, ya fi sanyi. Ta ce a'a, Mama ya ce a rufe a bar shi kusa da yaro. Na ce bari in riƙe mata ɗan ta je ta yi wanka ko ta ji ƙarfin jiki, niyyata tana fita in tuntsurar da tukunyar in ce ƙafata ce. Ta ce ba za ta iya barinsa ba. Na ce ko dai asibiti za a kai shi. Ta kalle ni kamar na zagi wani, ta ce, "'Yar makaranta, kakanka ya ba da magani, kai kana cewa asibiti?"

Na koma ɗaki na jawo gwangwanin. Na ce wa kaina abin da aka jiƙa tun shekaru, a wata ƙasa, ai gubar ta daɗe da mutuwa. Na ce ɗan kaɗan ne ya shiga. Na ce tafasa tana kashe komai. Duk abin da na faɗa wa kaina, sai muryar Malama ta dawo tana cewa in wanke hannu da sabulu. Daga ƙarshe na yi abin da har yau in na tuna nake girgiza kai: na ɓalli ɗan reshe kamar tsayin farce, na sa a baki na tauna. Wai in ban mutu ba kafin azahar, yaron ma ba zai mutu ba. Ya yi ƙaras-ƙaras a haƙorina, da ɗanɗanon alli da gishiri, sannan wani ɗaci ya biyo baya ya maƙale a maƙogwaro. Na haɗiye. Na zauna bakin gado, hannuna a kan ƙirji, ina sauraren jikina.

Ban mutu ba. Harshena ya yi nauyi, ko kuwa ni ce na ji kamar ya yi, ban sani ba. Aka kira azahar a masallacin unguwa. Na fito na zauna kan turmi inda nake hango cikin ɗakin 'yan haya, na ga Maman yaro ta buɗe tukunya, ta ɗebo, ta ɗora ɗan a cinya ta matse masa kumatu. Ina zaune ina kallo ya sha na biyu. Wannan zaman da na yi kan turmi shi ne abin da na fi jin kunyarsa a rayuwata, kuma na yi abubuwan kunya da dama bayansa.

Baba ya dawo daga aiki, don rabin yini suke yi ranar Asabar. Ya jingine kekensa, ya yi salla, na kai masa abinci. Ya ce me ya same ni yau gidan ya yi shiru, ko an ara bakin ne. Ban iya ko murmushi ba.

Ba a yi awa ɗaya ba yaron ya fara amai. Ya yi na farko, ya yi na biyu, sannan ya daina kuka, sai wani ɗan nishi da ba ya fita sosai. Maman yaro ta fito da shi a kafaɗa ta tsaya ƙofar Kaka. Kaka ta karɓe shi, ta shafa maɗigarsa, ta shafa cikinsa, na ga fuskarta ta canza. Ta ce maganin nan ba ya sa amai, shekara arba'in tana ba da shi. Sannan ta ce wataƙila ciwon ne ke fita, a bar shi ya huta, in an kira la'asar a ba shi na uku. Ta juyo da fuskarta wajen da take jin numfashina ta ce, "Takwara, ya kika ga idonsa?" Tambayar da muka saba ce, wadda take yi kamar tana gwada ni, alhali amsar take jira. Na ce ya faɗa ciki.

Daga nan zuwa la'asar ban zauna ba. Na share tsakar gidan da na riga na share. Na shanya wankin da ya riga ya bushe. Duk jirgin da ya yi kuka a tasha sai in ɗauka ladan ne. Ina ta kallon inuwar rumfar Kaka tana tsawo tana nufar bakin rijiya, don na san in ta kai can lokaci ya yi.

Ladan ya ɗaga murya. Maman yaro ta fito da tukunyar waje saboda ɗakin ya yi zafi, ta zauna bakin ƙofa, ta kwantar da ɗan a cinyarta. Kansa ya langaɓe gefe, ta tallafo shi. Ta tsoma ludayin.

Ban san lokacin da na ƙetare tsakar gidan ba. Na doke ludayin daga hannunta, na sa ƙafa na hankaɗe tukunyar ta kife, ruwan ya bi ƙasa. Ta yi ihu. Baba ya fito da buta a hannu, hannun rigarsa a naɗe.

"Ke! Kin haukace ne?"

"Akwai guba a ciki, Baba. Ni na sa. Ba da gangan ba, amma ni ce."

Na shiga na ɗauko gwangwanin na buɗe a gabansu, na faɗi komai a tsaye, ina haɗa magana da kuka: Malama, ruwan sama, tabarma, famfo. Baba ya tsuguna wurin tukunyar da ta kife ya tona da yatsa, ya tsinto siraran rassan nan, sun yi laushi amma ba su narke ba. Ya gwada ɗaya a jikin kututturen da ya karye. Ya zauna daidai.

Kaka ta fito tana dafa bango, tana tambayar me ke faruwa. Baba ya ɗaga kwandon tekun da yatsa biyu, ya je gabanta.

"Inna, dubi abin nan. Wannan kika sa wa yaron mutane? Dube shi fa."

Ya riƙe shi a gefen damansa, a daidai kafaɗa. Kaka ta gyara tsayuwa, ta ɗaga kai, ta ƙura ido sosai kamar mai nazari. Amma hagunsa take kallo, inda babu komai sai bangon ɗakin girki. Baba ya kalli hannunsa, ya kalli inda take kallo. Ya matsar da abin a hankali zuwa gaban fuskarta, idonta bai bi shi ba. Maman yaro ma ta gani. Sai Baba ya sauke hannunsa ya ce, can ƙasa, "Inna. Tun yaushe?"

Kaka ta juya wajen nishin yaron. Ta ce, "Ku bar tsayuwa. Ku kai yaron nan asibiti."

Baba ya ɗora Maman yaro a bayan keke da ɗan a goye, ya ce ni kuma in ruga gidan Malama in tambayo sunan gubar, don likita zai tambaya. Na yi gudu daga bayan layin dogo har gidajen malamai, ba takalmi, gwangwanin yana ƙara a hammatata. Na tarar da ita tana shanya barkono a baranda. Turancin da nake taƙama da shi ya gudu ya bar ni, sai na buɗe gwangwanin kawai na ce jariri ya sha. Ba ta ko kalli ɓarnar da aka yi wa abinta ba. Ta shiga ta ɗauko wani ƙaramin gwangwanin hoda, ta kira mijinta ya tayar da mota.

A asibiti ta yi wa likita bayani ina tsaye. Ta ce ruwan da aka jiƙa dabbar da shi tun fiye da shekara goma ne, wannan bai dame ta ba sosai. Abin da ya dame ta hodar kashe ƙwari ce, wadda take barbaɗa masa duk farkon damina, kuma bana ma ta barbaɗa. Likitan ya karanta jikin gwangwanin hodar, ya tambayi ludayi nawa yaron ya sha. Maman yaro ta ce biyu. Ya tambayi tun yaushe aka san abin ya shiga maganin. Kowa ya juyo ya kalle ni. Na ce tun hantsi. Baba ya kawar da kai, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Suka sa wa yaron ƙarin ruwa ta jijiyar kai, don ba su sami ta hannu ba. Kwana uku ya yi a can. Ranar farko ba a ce mana komai ba, ranar ta biyu ya buɗe ido ya nemi nono. Da za a sallame su na yi ƙarfin hali na tambayi likitan ko hodar ce ta sa shi aman. Ya ce ba zai iya rantsewa ba, zawon kaɗai ya isa ya kai yaro inda ya kai, amma ya ji daɗi da ba a ba shi na uku ba. Na so ya ce mini ba ni ba ce. Bai ce ba.

Kafin in mayar wa Malama gwangwaninta, Kaka ta ce in kawo mata abin ta ji. Na sa mata a tafin hannu. Ta fara daga dunƙulen tsakiya, ta bi hannu ɗaya da babban yatsa har inda ya rabu, ta bi reshe ɗaya har inda ya sake rabuwa, tana tafiya a hankali har ƙarshe. Ta dawo ta bi wani.

"Biyu-biyu," ta ce. "Ko'ina biyu-biyu. Babu saiwar da ke haka, Takwara. Saiwa inda ta ji ruwa take bi, ba ta da lissafi. Da na tsaya na shafa shi daga tushe, da na sani. Sauri na yi, kada yarinyar ta ga ina lalube."

Na ce laifina ne, ni na ajiye shi a can, kuma ni na tona mata asiri. Ta ce in rufe mata baki in kawo ruwa da sabulu, ba an ce a wanke hannu ba.

Maman yaro ba ta yi fushi da mu ba, ko kuma ba ta nuna ba. Tana gaida Kaka kullum safe, har takan kawo mata doya in an aiko daga Gwada. Ban taɓa jin ta faɗa wa kowa ba, amma unguwa ba ta buƙatar a faɗa mata. Sallamar mata ta ragu, ta ragu. Na ci gaba da shanya saiwoyin duk safiya ina kwashewa da yamma, don Kaka ba ta ce in daina ba.

Bayan kamar wata biyu yaron ya kama tari. Tun asuba muke jinsa ta bango. Da hantsi ina zaune a ɗakin Kaka ina tsefe mata kai, sai muka ji an buɗe ƙofar 'yan haya, muka ji takun Maman yaro da tarin ɗan a bayanta. Kaka ta gyara zama, ta ja ɗankwalinta, hannunta ya tafi kan jakar sassaƙen da ke gefen gado. Takun ya zo daidai ƙofarmu, ya ɗan rage sauri, sannan ya wuce zuwa zaure.

Kaka ta bar hannunta a kan jakar har ƙarar ƙofar waje ta mutu.

"Wa ya fita?" ta ce.

"Ban gani ba, Kaka."

"Ke da ido ba ki gani ba, ni na gani." Ta janye hannun ta ɗora a cinya. "Ta yi daidai. Bi ta da lema, hadari nake ji. In kin dawo ki naɗe tabarmar nan ki shigo da ita."